Wankan Hajara Bai Ƙare Ba

Daren Alhamis, Gafasa

Yau jikana ya yi arba'in, har gemuna ya kama. Ban taɓa farin ciki irin wannan ba, amma barci ya gagare ni.

Inna Tabawa, mai yi wa 'yata Hajara wankan jego, ta same ni bayan la'asar. Ta ce, "Malam, bayan yarinyar nan duk tabon duka ne. Mu matan unguwa mun zauna da ita. Wanka bai ƙare ba sai ranar da ta ce ya ƙare."

Gobe mijinta zai zo daga Kademi ɗaukarta, kuma na san zuciyarsa. Da na tambayi Hajara, kanta a ƙasa ta ce, "Baba, kar ka bari a tafi da ni."

A zaure zan kwana.