Takardar da Na Karanta Maka

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah ya sa kana kwance cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana raye ma ni za ka miƙo wa, ka ce malamar gida ta duba maka. To, yau malamar gida ce ke rubutawa, kuma ba za ta nuna wa kowa ba.

Mutanen Illo duk lafiya. An yanke gero an kai rumbu. Kawu Mamman ke riƙe da jakunanka, amma Duna, baƙin jakin nan, ya ƙi yarda kowa ya ɗora masa mangala. Inna saura kwana tara ta fita takaba. Ta rame, ba ta son a faɗa.

An ba mu mulkin kai, Baba, wata biyu bayan na mutanen tsallaken iyaka. A makaranta an raba mana tuta da kofi, muka yi maci har ƙafata ta yi bororo. Yanzu ba a cewa Ingilishi da Faransi, sai Nijeriya da Dahomai, ko da yake tsofaffin kasuwa sun ƙi sake baki. A rediyon gidan hakimi an ce shugabannin ƙasashen biyu sun gaisa, sun ce su 'yan'uwa ne, za a aika jakadu, fatauci zai ƙaru. Ni dai da na ji, kai na tuna. Ba kai ke ce mini zamanin kakanka ba a san iyaka ba? Mutum ya ɗora goro nan ya sauke a Madikali, garin da yanzu ke cikin Dahomai, ya ɗauko gishiri da bandar kifi, ya auro mace in ya ga dama, kamar yadda ka auro Inna. Sai Turawa iri biyu suka zo suka kafa turken ƙarfe tsakiyar gonar wani. Kai ka gaji hanyar da turken tare, da takardar wucewa ta kwamandan Faransa da kake naɗewa cikin fata kamar laya.

Ba wannan takardar ce ta sa na ɗauki alƙalami ba. Ɗayar ce.

Ka tuna ranar da ka dawo da la'asar, farkon damina, ka same ni gindin ɗurumi? Littafin soyayya ne a hannuna, wanda malamarmu ta ara mini, na ɓoye shi cikin na lissafi. Na kai daidai inda saurayin zai haye kogi ya iske yarinyar. Ka miƙo mini wata takarda, ka ce masu gadin iyaka na can ne suka raba wa fatake, in gaya maka abin da ta ce.

Faransanci ne, Baba. Ko kalma ɗaya ban gane ba. A wurinka boko boko ne, tunda baƙaƙen iri ɗaya ne, wanda ya iya na nan ya iya na can. Ka sha faɗa a gaban abokanka cewa ɗiyarka na karanta kowane irin rubutun Nasara. Ta yaya zan dubi idonka in ce ban iya ba? Ni da ko gaishe ka nake sai na sunkuyar da kai? Sai na bi layukan da yatsa a hankali, kamar mai karatun gaske, na ce maka wai ana taya fatake murnar mulkin kai, hanya a buɗe take, kowa ya wuce da takardarsa ta da. Irin wasiƙar da sarakuna ke ba matafiya cikin littattafaina, ita na ƙago maka. Ka yi dariya, ka sa mini albarka. Ni kuwa Allah-Allah nake ka tashi in koma wurin saurayina da koginsa.

Sai da Alfa Gado, mai masaukinka na Madikali, ya zo ta'aziyya da jakarka, sannan na ji abin da ta ƙunsa. Ashe cewa ta yi daga ranar mulkin kansu takardar kwamanda ta daina aiki, kowa ya kawo hoto kafin lokacin a sake masa sabuwa. Sauran fatake duk sun sake. Kai kaɗai aka mayar daga bakin sandan da ke tare hanyar iyaka, da jakuna huɗu da atamfa da goron da ba ya jira. Ka zaga ta tsohuwar hanyar fadama, ruwa ya kai ƙirji, Duna ya zame, ka shiga ka fid da shi. Ka isa gidan Alfa kana rawar ɗari. Kwana shida ciwon haƙarƙari ya riƙe ka. Can suka yi maka sutura.

Alfa ya ce ya tambaye ka wane ne ya karanta maka takardar haka. Ka ce wani malami ne a kasuwa, baƙo, ba ka san sunansa ba. Ina bayan zana ina tankaɗe na ji. Baba, ka gane ke nan? Tun yaushe? A bakin sanda, ko cikin ruwan? Ka yi fushi da ni ko na yini ɗaya? Me ya sa ba ka bar ko kalma a kawo mini ba?

Tun ranar, Inna ba ta sallame salla ba tare da ta yi wa malamin kasuwan nan Allah ya isa ba. Da Hausa take farawa ta ƙare da Dendanci, harshen iyayenta. Ina kan tabarma kusa da ita, sau biyar a yini, wata huɗu. Wani lokaci har ta juyo ta ce in ce amin. Nakan ce.

Shekaranjiya Kawu ya karɓo mata takardar tafiya, don tana son in ta fita takaba ta je can ta ga danginta, ta yi wa iyalin Alfa godiya, a nuna mata inda kake ko daga nesa. Rabi Turanci, rabi Faransanci. Ta ce in karanta. Na karanta na sama. Da na zo na ƙasa, yatsana ya tsaya. Na ce mata wannan ban iya ba, ban taɓa iyawa ba.

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta karɓi takardar ta ninke ta ɗaure a bakin zane. Da magariba ta sallame, ta yi maka addu'a, ta shafa, ta tashi. Ba ta ambaci malamin ba. Ba ta kuma yi mini magana ba sai yau da safe, da ta ce in wanke kayana, da ni za a tafi.

Ban sani ba ko yafewa ce, ko so take in tsaya in gani da idona. Ko wanne ne, zan zo. Kai dai ka yafe mini, Baba, in ana yafewa daga can.

Sai na iso.

Ɗiyarka,
Hajo