Takobin Surukina da Girar 'Yata

Anti Huguette, ki taimake ni tun kafin ki ga sunana a wani shafi na jaridar nan wanda ba naki ba.

Ni malamar tarihi ce a wata sakandare a nan Sherbrooke, a lardin Quebec. Mijina ya rasu, 'yata ɗaya tak, Coralie, kuma watan gobe ne aurenta da Fabien, yaro mai hankali wanda ba ni da ƙorafi a kansa. Matsalar ubansa ne, Ghislain, mai sayar da tayoyin mota. Sau ɗaya ya taɓa zuwa Faransa, ya dawo da takobi a cikin akwati, da kuma tabbacin cewa duk Quebec babu wanda ya kai shi sanin giyar inabi.

Da aka sa ranar walimar baiko, ni aka bar wa zaɓen abin sha, don kowa ya san a nan na fi ƙarfi. Ban yi wasa ba. Da kifi za a fara, sai na ɗauko farar giya ta yankin Alsace na Faransa, mai ɗan tsami da ke wanke maiƙo daga harshe. Gasasshiyar agwagwa na haɗa ta da ja ta Fotugal, daga kwarin Douro. Wadda za a ɗaga kofi da ita don taya murna kuwa mai kumfa ce ta Sifaniya, irin wadda ake bari ta yi kumfarta a cikin kwalba, shi ya sa kwalbar take da kauri da nauyi. Ranar walimar, tun safe na binne su a ƙanƙara.

Muna cikin lambu da rana tsaka sai ga Ghislain da nasa kwalin. Mai kumfa ce ta Italiya, marar nauyi, mai siririyar kwalba, kuma ta sha zafin Agusta a bayan motarsa har ta yi ɗumi. Ya zare takobi ya ce, "Malama, rufe littafi, yau za ki ga yadda maza ke buɗe kwalba."

Anti, na san al'adar nan, na ma san labarin sojojin dawakin da ake jingina ta gare su. Ba sara ake yi ba. Kwalba mai kauri ake nema, mai sanyi ƙarara, a bi layin ɗinkin gilashin da bayan takobi, a zame shi har bakin kwalbar, ƙarfin iskar ciki ne ke cire kan. Na faɗa masa haka a gaban matarsa. Ya juya ga mutane ya ce, "Ku ji fa, Farfesa ta fara lacca. Bayan abinci akwai jarrabawa?" Aka yi dariya. Ya jawo Coralie kusa da shi wai don hoto.

Ya kai sara na farko, ba abin da ya faru. Na biyu ya juya kaifin ya maka kamar mai faskare. Kwalbar ta tarwatse a hannunsa. Na ga 'yata ta dafe fuska, jini na bulbulowa ta tsakanin yatsunta, ya rufe mata ido, ya sauko kan rigarta, ya ɗiga a farantin kifi. Shi kuwa yana tsaye da takobinsa, yana wata 'yar dariya, yana cewa, "Ba komai, ƙwarzanewa ce kawai, sa'a ce ma!"

Jar Fotugal ce mafi kusa da hannuna, ba a buɗe ta ba. Na kama ta ta wuya, na sauke ta da dukan ƙarfina a kan wuyan hannun da ke riƙe da takobin. Na ji ƙarar ƙashin, ƙas, har cikin haƙorana. Kwalbar ko tsagewa ba ta yi ba, don ni na iya zaɓen kwalba. Na ɗaga zan ƙara masa a ka, Fabien ya rungume ni ta baya.

An yi wa Coralie ɗinki a gira. Likita ya ce da gilashin ya sauko da faɗin yatsa ɗaya, da idon ya tafi. Ghislain kuma an yi masa ɗori.

Bai kai ni ƙara wajen 'yan sanda ba, kuma wallahi da ya kai ni da ya fi mini sauƙi. Labarin ya zama abin nishaɗi a shagonsa. "Surukata mai guduma" yake kirana. Yanzu kuma ya ce ranar biki sai ya sake saran kwalba, da hannun hagu, wai don ya wanke kunyarsa. Matarsa ta ce yana ta gwaji a gareji.

Amma ni ce aka yanke wa hukunci. Coralie ta zo har gida, ko zama ba ta yi ba, ta ce, "Mama, in na rufe ido ba kwalbar nake gani ba, fuskarki nake gani." Ta ce in ban je na ba shi haƙuri ba, kada in zo bikin. Ni da na yi gargaɗi! Ni da na raine ta ni kaɗai!

Na riga na tsara na biki: fara ta New Zealand, ja ta Ajantina, mai kumfa ta nan gida. Shin in canza zuwa wadda ba ta saruwa? In ba shi haƙurin me? Ki faɗa mini gaskiya, domin yanzu in na shiga shagon giya ba ƙasa ko shekara nake dubawa ba, nauyin kwalba nake aunawa a hannuna.

Uwar Amarya, Sherbrooke

*

Uwar Amarya,

A kan kwalba kina da gaskiya. Ɗumi, siririn gilashi da kaifin takobi, duk wanda ya haɗa su kusa da fuskar mutum ya yi ganganci, kuma dariyar da ya yi bayan haka ta isa ta haukata kowace uwa. Ban ga laifin fushinki ba.

Amma kin karya wa mutum ƙashi, kin kuma nufi kansa. Da Fabien bai riƙe ki ba, da ba ni kike rubuta wa ba, lauya kike nema. Rashin kai ƙarar nan alheri ne, ko da a cikin shaƙiyanci ya naɗe shi. Ina ma zaton raha da gwajin gareji duk kunya ce ke cinsa: ya kusa makantar da amaryar ɗansa a gaban jama'a, ya rasa inda zai sa kansa.

Batun takobi ba aikinki ba ne, na Fabien ne. Shi zai gaya wa ubansa, shi zai sanar da masu ɗakin biki abin da ya faru, ya nemi a buɗe kowace kwalba a kicin, da tawul, a murɗa a hankali, a fito da kofuna a cike. Ki sanya wannan a matsayin roƙo ta hannun Fabien, ba sharaɗi ba. Zaɓinki na biki ba shi da aibi, kada ki canza shi don Ghislain. Ki dai kai wa ango da amarya su ɗanɗana, in sun ce a'a, ki yi shiru.

Haƙuri kuwa ki bayar, na hannun da kika karya kaɗai. Ba sai kin janye gargaɗinki ba, ba kuma sai kin maimaita shi ba. Ku haɗu a wurin shan kofi, matarsa na zaune, ki yi gajeriyar magana. In ya yi barkwanci, ki bar shi ya yi. Wannan aunawar nauyi da kike yi a shago kuma ba abin dariya ba ce. Ki nemi ƙwararren mai ba da shawara kan damuwa ki zauna da shi kafin biki.

Sai abu mafi nauyi. Kin gaya mini kwarin da jar giya ta fito, kin gaya mini ƙarar ƙashi. Ba ki gaya mini wanda ya danne wa Coralie rauni ba, ko wanda ya riƙe hannunta zuwa mota. Ina jin ba ki sani ba. Jini ya rufe mata ido ɗaya, da ɗayan ta nemi uwarta, ta same ta ta nufi Ghislain da kwalba a hannu. Ango ma da ya kamata ya kasance kusa da ita, ke yake riƙe.

Don haka kafin ki je wurin Ghislain, ki je wurinta. Kada ki ambaci sunansa. Ki tambaye ta yadda aka yi a wannan lokacin, ki saurara har ta gama, ko da abin da za ta faɗa zai ƙona ki.

Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya miki zuciya, ya sa ranar nan kina zaune a inda za ta waiwaya ta gan ki.

Anti Huguette