Ranar da Ruwa Ya Biyo Mu a Mafia

Morogoro,
Ranar Talata.

Zuwa ga 'yata Subira,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Mbaraka da jikokina Tunu da Faraja. Allah ya ba ku juriyar sanyin Ingila, ya sa albarka a aikinki na jinya, ya tsare ku da tsarewarsa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Ruwan sama ya sauka sosai, duwatsun Uluguru sun yi kore shar, mangwaron bayan gida ya yi 'ya'ya har reshe guda ya karye a kan igiyar shanya. Ƙaninki Kassimu ya koma Dodoma bakin aikinsa, matarsa kuma ta kusa sauka, ki sa ta a addu'a.

Na zaɓi in rubuto ne maimakon in kira, domin a waya kina magana ina magana, babu mai jin wani. Na san hoton da kawunki Shomari ya tura miki ya hana ki sukuni: babanki, mai shanyewar ɓarin jiki, ga shi tsundum a tsakiyar teku. Kin ce mun yi ganganci, kin ce da kin sani da kin hana. Ban ga laifinki ba. Amma ki zuba shayi ki zauna, ki ji yadda aka yi tun daga tushe, sannan ki yanke mana hukunci.

Kin san yadda kika bar shi bara. Jiki ya yi sauƙi, likita ma ya ce ƙafar daman za ta ɗauke shi in ya yarda ya taka ta, amma zuciya ta ƙi. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana jan jirgin ƙasa daga Dar es Salaam zuwa Kigoma, sai ga shi daga gado sai kujerar baranda. Daga baya barandar ma ya daina fita, wai kada a gan shi yana jan ƙafa. Abokan daransa suka yi ta sallama har suka gaji. Masallacin bakin layi ya gagare shi. In na ce ya tashi mu ɗan taka, sai ya ce in ƙyale shi, tsohon inji in ya mutu gefe ake tura shi, ba a sake ɗora shi kan dogo. Ban taɓa gaya miki ba don kada in ƙara miki nauyi, amma ni ma na fara gajiya, Subira, irin gajiyar da barci ba ya maganinta.

Da Shomari ya matsa in zo gida in huta, sai na ce wa babanki zan tafi tsibirinmu na Mafia ni kaɗai, in sauka a ɗakunan baƙin da kawunki ya gina a bakin ruwa, a dafa a kawo mini kamar Baturiya, shi kuma maƙwabta za su riƙa miƙo masa abinci. Ya yi fushi ya juya mini baya. Ana gobe zan tafi sai na ji yana tambayar ina tsohuwar jakarsa, wai ba zai bari in je in kunyata shi gaban surukansa ba, a ce ya saki 'yar mutane tana gantali ita kaɗai. A cikin jirgin ruwa daga Nyamisati kuwa ya ƙanƙame benci, yana ta mita wai duk hanyar da ba ta da tasha ba hanyar masu hankali ba ce.

Kwanakin farko a gindin kwakwa ya yi su, yana kallon teku kamar wanda suka yi faɗa. Matar kawunki, Mwanahawa, ta yi ta lallaɓa shi da shinkafar kwakwa da gasasshen kifi, yana ci yana cewa gishiri ya yi yawa. Abin da ya fara motsa shi wata 'yar ƙaguwa ce. Yana gyangyaɗi ta fito daga raminta ta cafke masa babban yatsan ƙafar dama, ƙafar da yake rantsuwa ba ya jin komai a cikinta. Ya kwarma ihu har baƙin da ke ɗakin gefe suka leƙo. Na yi dariya har da hawaye, na ce ashe matacciyar ƙafa ma ta san mai cizo. Ya harare ni, ya ce 'yan tsibirin nan duk halinsu ɗaya, daga matansu har ƙaguwarsu. Amma na ga yana ta motsa yatsan a cikin yashi yana kallo. Washegari shi da kansa ya ɗauki sanda ya ce mu taka bakin ruwa. Kullum muna ƙara nisa kaɗan, sannu ba ta hana zuwa.

To, ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ruwa ya janye can nesa har sai ka ce teku ta yi ƙaura. Na ce bari in nuna masa inda muke tsintar katantanwa ni da kakarki ina yarinya. Ya ce in sa takalmi, na ce 'yar tsibiri ba ta sa takalmi a tsakar gidan ubanta. Muka yi ta tafiya, ina zuba masa labarin dā, yana tsokanata wai duk labarina ni ce gwana a ciki. Daɗin jin muryarsa ya ɗauke mini hankali, ban lura matan da ke tsinta sun tattara sun koma ba. Ina cikin nuna masa wani dutse sai na taka bushiyar teku da dukan nauyina. Ƙayoyin suka shige tafin ƙafata suka kakkarye a ciki. Ban san lokacin da na zube ba.

Da na ɗago kai sai na ga abin da ya fi ƙayar. Ruwa ya juyo. Kin san a wajenmu ba ta gaba yake fara zuwa ba, ta kwari yake zagayowa ya tare maka hanya ta baya. Wayoyinmu suna ɗaki, bakin gaɓa kuwa mutane sun koma kamar tururuwa don nisa. Na gwada taka ƙafar, na ji har cikin ƙwaƙwalwata. Na ce wa babanki ya yi gaba ya kira Shomari, ni zan jira a kan dutsen. Na san dutsen nutsewa yake yi, shi ma ashe ya gane, domin ya ga ciyawar ruwa a samansa. Ya ce in daina yi masa wayon 'yan masunta. Ya ce in ya tafi ya bar ni, da wane baki zai gaya wa Subira? Sai ya miƙo mini sandarsa, sandar da ko banɗaki ba ya zuwa sai da ita, ya juyo mini kafaɗarsa ta hagu mai lafiyar, ya ce in kama. Na ce shi kuma fa? Ya ce ai likita ya ce ƙafar za ta ɗauke shi, yau za a ga ko likitan maƙaryaci ne.

Haka muka taho, ni ina ɗingishi, shi yana jan ƙafa, mutum biyu da ƙafafu biyu masu amfani. Don kada in karaya sai ya mai da tafiyar ta jirgin ƙasa. Ya ce dutsen da muka baro shi ne Dar es Salaam, bakin gaɓa Kigoma, kuma bai taɓa barin fasinja a daji ba. Da muka kai wani tudun yashi ya ce ga Morogoro, ba a sauka. Turakun tarkon kifi suka zama Dodoma. Ruwa ya kai mana gwiwa, ya kai ƙugu. Na fara kuka ina cewa ni na jawo mana, ya daka mini tsawa, wai ba a kuka a jirginsa, mai kuka ya jira na gobe. A cikin kwarin, inda ya ce Tabora ce, ƙafar ta goce masa, ya nutse gaba ɗaya. Subira, ban taɓa kiran sunan Allah da irin wannan muryar ba. Na saki sanda na cakumo wuyan rigarsa, ya taso yana tari yana furzar da ruwa. Abin da ya fara faɗa shi ne, dama Tabora ba ta taɓa yi masa daɗi ba.

Daga nan ruwa ya kai mana ƙirji, kuma a nan ne ya ce mini wani abu da mamaki a fuskarsa. Ya ce Maman Subira, ƙafar nan ba ta da nauyi a cikin ruwa, tana bin umarni. Muka ci gaba, ruwan yana turo mu ta baya kamar shi ma ya gaji da mu, har ƙasa ta fara tashi a ƙarƙashinmu. Mwanahawa ce ta fara hango mu, ta taho da gudu zaninta a hannu, Shomari na biye. Da muka zube a kan busasshen yashi babanki ya ɗaga hannu ya ce Kigoma, kowa ya sauka da kayansa. Mwanahawa kuwa ni ta rufe da faɗa, wai ɗan tudu a yi masa uzuri, ni da aka yanke wa cibiya a nan fa? Gaskiyarta ce kuwa. Ta shafa mini madarar ɗanyar gwanda da lemun tsami, kuma kafin ki ɗaure fuska, malamar asibiti, an kai ni asibitin Kilindoni an cire sauran ƙayoyin an yi mini allura.

Sauran kwanakin ni ce a gindin kwakwa, shi ne mai jinya. Zai kawo mini shayi rabi a kofi rabi a rigarsa, ya tsaya a kaina sai na shanye, yana maimaita mini duk maganganun da na saba gaya masa, har da yadda nake karkata kai. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ni kam na ga mijin da na aura, bayan na ɗauka ya tafi ya bar mini kamanninsa kawai.

Batun hoton kuwa, lokacin potwe ne, manyan kifayen nan masu ɗige-ɗige da baƙi ke zuwa gani, kuma na yi ta cika baki zan shiga in yi iyo da su. Da ƙafa ta hana ni, babanki ya ce tunda gwanar ta kasa, bari ɗan tudu ya fitar da gidan kunya. Ba a yi garaje ba. Ruwa a kwance yake kamar tabarma, an sa masa rigar da ke hana nutsewa, an ɗaura masa igiya a ƙugu, Shomari yana riƙe da shi, ni kuma ina cikin jirgi riƙe da bakin igiyar ina karanta duk abin da na haddace. Ya sa tabarau na ruwa ya sunkuya. Sai ga kifin ya taso ta ƙarƙashinsu, ya fi jirginmu tsawo, yana tafiya a hankali, bai ko kula su ba. Babanki ya ɗago yana ihu wai tarago ne, tarago guda babu ƙara babu hayaƙi! Ya sake nutsa fuska, ya ƙi fitowa sai da Shomari ya ce ya isa. Da aka jawo shi cikin jirgi idanunsa sun yi ja, ya ce gishiri ne. Ya kalle ni ya ce shekara da shekaru yana auren 'yar teku, ashe rowa nake yi masa.

Yanzu sai maganar da kika daɗe kina yi, ta mu tattara mu dawo wurinki ki kula da mu. Mun zauna mun tattauna, kuma mun san ƙauna ce ta sa ki, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki masu yi miki fiye da haka. Amma amsarmu ita ce a'a, 'yata. Babanki ya ce in gaya miki a can zai zama majinyaci ne kawai, ya zauna bayan taga yana jiran ki taso daga aiki, ga sanyi, ga babu wanda ya san shi. Ba na ce ya warke ba. Hannun har yanzu ba ya iya sa maɓalli, wata rana ƙafar takan yi masa gardama ya wuni yana huci. Yana shan magungunansa, kuma da muka dawo likita ya duba shi ya ce a ci gaba da tafiyar, a rage kasadar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in abu ya fi ƙarfinmu ba za mu ɓoye miki ba. In zafi ya shigo wajenku za mu zo ziyara mu ga yaran, mu dawo. Ku kuma ku yi shirin baɗi mu haɗu a Mafia, domin kakan Tunu ya rantse shi zai nuna mata kifin da kansa, Shomari kuma ya yi alkawarin koya masa iyo na gaske, in ya yarda ya rufe baki a cikin ruwa.

Ki gaishe mini da Mbaraka ƙwarai, ki ce na gode da haƙurinsa da mu. Ki shafa mini kan Tunu da Faraja, ki ce kakarsu tana ajiye musu da kyawawan katantanwa. Kawunki Shomari da Mwanahawa suna gaisuwa, haka Kassimu da iyalinsa, da gwaggonki Zuhura wadda ƙafarta ta yi sauƙi. Gaisuwar babanki ce kawai ba zan iya sa miki daga bakinsa ba, domin ba ya gida. Tun bayan la'asar na ji ƙarar ƙofa, na leƙa na hango bayansa ya sha kwanar layi, hula a karkace. Bai gaya mini inda za shi ba, ni ma ban tambaya ba. Ga shayinsa nan na rufe masa, in ya dawo ya sha.

Allah ya sada mu da alheri.

Mahaifiyarki mai ƙaunarki,
Mwanaidi binti Faki