Faifan da Aka Shanya

Madarunfa, 18 ga Maris, 1995

Zuwa ga Malam Ɗanjuma Usman, Magatakardan Ƙungiyar Masu Sauraron Faifai ta Madarunfa, mazaunin Arlit.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da uwargida Larai da yara kuna lafiya, ina sanar da ɗaukacin al'ummar ƙungiyarmu, wato kai, cewa ranar Talata da hantsi allurar garmahonmu ta cika. Shekara ashirin da biyar ta yi tana bauta wa kunnuwan ƙasar nan, ba albashi, ba lambar yabo. Na naɗe ta a auduga na sa a kwalin ashana, na kuma ba da umarnin zaman makoki na kwana uku. Matata Barira ta ce in matsa mata tana shara.

Za ka tuna ranar da ta shigo hannunmu, muna sababbin malaman lakwal biyu, masu koyar da boko da yara ke ce wa Mushe, a ɗaki guda bakin tabki, sa'ad da Baturen nan ya koma ƙasarsu ya bar mana garmaho da faifai goma sha ɗaya. A kan kwalayensu hotunan samari ne masu gashi kamar na mata, riguna duk furanni, launuka suna narkewa cikin juna kamar mai zanen ya yi zazzaɓi. Ingilishi suke rerawa, mu kuwa Faransanci muka karanta, sai muka raɗa wa kowane faifai sunan da ya dace da shi: Mai Furanni, Mai Ido Ɗaya, Mai Ɗawisu. Dokarmu ɗaya ce, ba a kuma soke ta ba: duk wanda ya yi magana faifai na juyawa, tarar goro guda, Magatakarda ke cinyewa. Tarihi ya shaida cewa rabin haƙoranka da gorona suka yi ja.

Tun da kamfanin ma'adinai ya ɗauke ka, shekara goma sha bakwai ke nan, ni kaɗai nake zama taro. Ban taɓa fashi ba.

Ka huta lafiya.
Mushe Al'amin, Shugaba

Arlit, 2 ga Afrilu

Shugaba,

Wa alaikumus salam. Allah ya ba da haƙurin allura. Da na zo ta'aziyya da ƙafata, to ƙirjin nan ya ƙi. Tari ne tun damina, likita ya ce in ajiye aiki, na ajiye. Kada ka rubuto mini shafi huɗu a kan tari, na san ka.

Abu ɗaya nake roƙo. Mai Ɗawisu, gefe na biyu, waƙa ta uku, wadda muke kira Tafiyar Raƙumi. Ka ɗaukar mini ita a kaset ka aiko. Na taɓa jin ta a gidan wani Bature nan garin, hoton ɗawisun ne, waƙar ce, amma wallahi ba ita ba ce. Gudu take kamar an biyo ta. Tamu nake so.

Ko da ƙayar aduwa ce ka sa mata, ka ɗauko. Ka gaida Barira, ka ce har yanzu ina mamakin haƙurinta.

Naka,
Ɗanjuma

Madarunfa, 12 ga Afrilu

Magatakarda mai daraja,

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah ya sa tarin nan kaffara ne, majalisa ta zauna a kan buƙatarka, ta amince da ita, ta kuma yi tir da maganar ƙayar aduwa.

Ka san abin da kake nema kuwa? Waƙar da ke buɗewa da molon Indiya mai tsirkiya ashirin, yana kuka kamar ɗan maraƙin da aka raba da uwa. Sannan ganga ta shigo a hankali, sannan jita ta bi ta baya-baya, sautinta yana tsotsewa maimakon ya fita, kamar ana zuba ruwa yana komawa cikin buta. Ga muryoyi uku da ke hawa kan juna har ka rasa ta wa ka biyo. Na karanta mawaƙan Larabawa da na Faransa, ban ga wanda ya faɗi kewa kamar yadda yaran nan suka faɗe ta ba, alhali ko kalma guda ban gane ba. Irin wannan ba a ɗaukar ta da allurar aro.

Ado direba zai shiga Kano, na zana masa hoton allurar da girmanta. Zan sa wa garmaho sababbin pil shida, wato batir, ba irin waɗanda muke gasawa a rana muna mayarwa ba a zamanin talaucinmu. Abin da ka ji a gidan Bature laifin kaset ɗinsa ne, ba shakka. Za ka ji ta tsaf, yadda masu ita suka nufa. Haƙurin mako biyu kawai nake nema. Tari ba ya hana mutum jira.

Wassalam.
Shugaba

Arlit, 9 ga Mayu

Zuwa ga Mushe Al'amin,

Assalamu alaikum. Ni ce Larai. Ina gaishe ka, ina gaida Yaya Barira.

Abokinka ne ya kamata ya rubuto, amma hannunsa ba ya riƙe alƙalami yanzu. Bai gaya maka gaskiya ba. Ba tari ba ne kawai. Likita ya sallamo mu, ya ce a kai shi gida a ba shi abin da ransa ke so. Ba ya son nama, ba ya son fura. Duk ranar da aka je gidan waya sai ya tambaya, idan aka ce babu sai ya ce, "Shugaba yana rubuta jawabi ne, ku ba shi lokaci." Ya sa an ajiye rediyo mai kaset kusa da filonsa, kullum sai na share mata ƙura.

Mushe, ni ban san waƙar nan ba, ban san darajarta ba. Amma mako biyun da ka ce sun zama huɗu. Don girman Allah ko yaya take ka aiko.

Larai

Madarunfa, 17 ga Mayu

Ɗanjuma,

Assalamu alaikum. Yau ba majalisa, ni ne.

Allura ta iso tun ashirin ga Afrilu. Kwana uku kafin nan na tafi suna a Safo. Barira ta ji ina ta maganar aika maka waƙa, sai ta buɗe akwatin faifan don ta goge su, ta tarar gara ta fara cin kwalayen ta ƙasa. Ta yi abin da kowace mace ta gari ke yi wa kaya kafin damina: ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jera su ɗaya bayan ɗaya kusa da barguna da littattafaina, ta shanya. Zafin ranar Afrilu, daga hantsi zuwa la'asar. Har juya su ta yi, don kowane gefe ya samu.

Da na dawo ta tarye ni da murna. "Malam, na kashe maka gara." Na duba tabarma, na ga faifai goma sha ɗaya sun lanƙwashe kamar ganyen kabewa. Mai Furanni ya zama kwano. Ban yi mata faɗa ba. Shekara ashirin da uku tana gidan nan, ban taɓa zaunar da ita na gaya mata da me aka yi su ba, ban taɓa cewa zo ki ji ba. Abin da ta sani, kaya ne masu daraja da ake ɓoyewa a akwati.

Mai Ɗawisu na sa tsakanin alluna biyu, na ɗora masa dutsen niƙa kwana goma. Ya miƙe kaɗan. Sai na ɗora ƙwandala a kan hannun garmaho kafin allura ta yarda ta zauna. Waƙar tana fita, amma tana hawa tana sauka, muryoyin suna tangaɗi kamar masu jiri. Na ɗauka, na saurara, na ji kunya, na jefa kaset ɗin a aljihun tebur. Mako uku yana can. Ni da na yi maka alkawarin tsaf, na kasa rubuta maka cewa amanarmu ta lalace a hannuna. Na zaɓi ka jira da in ji kunya, ban san abin da jiran yake ci ba sai da takardar Larai ta zo.

Ga shi nan yadda yake. Ban bi ta gidan waya ba, na kai Maraɗi da kaina na damƙa wa mai motar Agadas. Ka yafe mini.

Al'amin

Arlit, 30 ga Mayu

Mushe,

Assalamu alaikum. Sai haƙuri. Allah ya karɓi abokinka ranar Asabar da safe, an kai shi bayan azahar.

Kaset ya iso ranar Alhamis. Na karanta masa takardarka, da na kai wajen shanyar ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, na tsorata. Bayan la'asar ya ce a tada shi zaune, a kunna. Da abin ya fara na zaci rediyon ce ta lalace, na ce, "Wannan kukan fa, ko in canza pil?" Sai ya ɗaga yatsa, bai buɗe ido ba, ya ce, "Goro guda." Na yi shiru har ta ƙare.

Da ta ƙare ya ce, "Ita ce." Ya ce in rubuta maka haka: wai kai da karatunka duka ka manta dalilin da kuka sa mata Raƙumi. Ba ku taɓa jin ta da pil mai ƙarfi ba a ɗakin nan na bakin tabki, kullum tana ja tana rangaji, shi ya sa ta gidan Bature ba ta yi masa ba. Ya ce da ka aiko ta tsaf, da ya mayar maka. Ya ce Yaya Barira ta fi ka kunne, a sa ta cikin ƙungiya. Ya ce babu abin yafewa, amma ya yafe, don ya san ba za ka bar maganar ba.

Ya so ya rubuta maka da hannunsa ranar Juma'a. Ya riƙe alƙalamin, bai samu ba. Sau huɗu ya ji ta kafin ya cika.

Goron da ya ci ni tara bai iya ci ba. Ga shi a cikin tsumma mai laima, na ba mai motar.

Larai

Madarunfa, 8 ga Yuni

Uwargida Larai,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya ba ku haƙuri. Ina nan tafe kafin arba'in.

An cika umarninsa. Jiya da la'asar ƙungiya ta zauna a gindin bishiyar bedin tsakar gida, Barira a kan tabarmar da kika sani. Na sa tsofaffin pil. Ta zauna har ƙarshe ba ta ce uffan ba. Ni kuwa, da aka kai inda muryoyin uku ke hawa kan juna, sai na juya hagu na ce, "Ɗanjuma, ka ji wajen nan."

Saboda haka, bisa dokar da ba a soke ba, ina sanar da cewa an samu Shugaba da laifin magana faifai na juyawa, an kuma ci shi tarar goro guda. Magatakarda ne ke karɓa. Na ajiye shi kusa da naki a kan murfin garmaho.

Ki gaida yara.
Al'amin