Na Saka Surukina a Gem, Duniya na Dukansa

Anti, ki taimake ni, gidana na neman wargajewa saboda wani tsoho da na ƙera a kwamfuta.

Gyaran waya ne sana'ata, amma gem ɗin faɗa, wato wasan kwamfuta, shi ne a raina. Nakan zana sabon ɗan faɗa, in haɗa masa motsi da murya, in cusa shi cikin gem, in sa a intanet kyauta. Bana sai na so in yi tsoho. Wallahi ba da mugun nufi ba, hannuna ne kawai ya tafi kan surukina, tsohon hedimasta. Wata huɗu ina kansa: sanƙon, tabarau a ƙarshen hanci, yatsan nan da yake kaɗawa. Gyaran muryarsa ma daga saƙon da ya turo wa matata na yanko. Lema ce makaminsa. Idan aka kayar da shi, tabarau ya faɗi, sai ya yi ta lalube da rarrafe. Laluben nan kaɗai ya ci mini mako biyu, kuma shi aka fi yabawa.

Ƙanwar matata ta ga bidiyon ana dukan tsohon a gem, ta turo mata. Na so in musa, to amma a harkarmu mai aiki yakan sa hannu, laƙabina na nan ɓaro-ɓaro a bayan rigar tsohon. Yau kwana shida matata ba ta ce mini uffan ba. A takarda ta rubuto cewa in ban goge ba zuwa Asabar, Baba zai gani. Anti, ban taɓa aiki mai kyan wannan ba, dubban mutane sun sauke shi. In goge?

Maƙerin 'Yan Faɗa

Ɗana Maƙeri,

Sannu da aiki. Mutumin da ko ido ba ka iya haɗawa da shi in ka je gaisuwa, shi ka miƙa wa duniya ta jibga, har ka sa hannu kada wani ya ƙwace maka lada.

Gwaninta kam kana da ita, tunda 'ya'yansa sun gane shi nan take. Na kuma san zafin rusa aikin wata huɗu. Amma ka lissafa mini sanƙo da lema, ba ka tambayi abin da ya hana matarka magana ba. Ba sanƙon ba ne. Laluben ne. Ka ga tsohon yana neman tabaransa, ita ta ji tausayi, kai ka ga kayan aiki.

Ka goge shi yau, ka roƙi masu yaɗa bidiyon su cire. Ba duka za su ji ba, don haka kada ka jira Asabar. Ka ba matarka haƙuri ba tare da “amma” ba, sannan ka je wurin Baba da ƙafarka, ya ji daga bakinka.

In hannunka ya sake yi maka ƙaiƙayi, ka zana kanka, da tumbinka da komai, ka miƙa wa matarka abin buga gem ɗin.

Allah ya daidaita ku, ya kuma sa ranar da za ka je lemar Baba tana nesa da hannunsa.

Anti