Reshen Magarya Don Sikelela

Litinin, 4 ga Maris, 2019
Tun shekarar Domoina, guguwar da ta cika kogin Lusutfu har ya tafi da gadoji da gidana da matata a ciki, ban sake taka Swatini ba. Ban ga dalili ba. Wannan ƙaramin ofishin jakadanci namu da nake gadin ƙofarsa a garin ma'adinan Afirka ta Kudu, ai shi ma ƙasarmu ce a wurina. Tuta na sama, ni ina ƙasa. To yau Make Tsabedze, ƙaramar jakadiya (Make shi ne uwa a bakinmu), ta kira ni ta ce ƙarshen wata za a rufe. Ramukan zinariya sun mutu, mutanenmu sun watse, aikin zai koma Jo'burg. Na ce to. Na koma na ba furanni ruwa.

Laraba, 6 ga Maris
Akwai taswira a bangon ofishinta, an kafe ta da jajayen allurai. Na daɗe ina share ƙurarta, sai yau na tambaya. Ta ce kowace allura gida ne irin namu. London, Addis, Maputo, wani wai Taipei can bakin takarda, saura kaɗan ya faɗo.
Na ce, "Su ke nan duka?"
"Su ke nan, Kaka Ginindza. Ƙaramin goro ne mu."
Na tambaye ta mai gadin Taipei, namu ne? Yana samun tuwon masara da kindirmo? In namu ya mutu can, ina suke samo reshen magarya na kai shi gida? Ta ce akwati ake sa shi, jirgi ya kawo. Na ce wannan ai gawa ce, shi mutumin fa? Ta yi dariya har da buga tebur, wai wannan sashen gwamnati ba ta buɗe shi ba tukuna.

Alhamis, 7 ga Maris
Wai lokacin da nake ɗaga tuta, na Taipei ya riga ya ci abincin rana. Ban yarda ba, amma ina ta tunani.

Talata, 12 ga Maris
Wata mata ta zo ƙofa da jaka ɗaya. Kafin ta buɗe baki na ga goshin Sikelela Hlophe a fuskarta. Abokina, tare muka yi aikin ramin zinariya kafin in samu gadin nan. Dutse ya rufta da shi, ba a fito da ko takalminsa ba. Ita ce Lomasontfo, 'yar da ya bari a cikin uwarta.
Ba takarda ta kawo ta ba, magaryar kurar da na shuka a bayan ofis ta kawo ta. Duk wanda nasa ya mutu a nan, wurina yake zuwa ya yanki reshe. A je inda mutum ya faɗi, a kira sunansa, ya shiga reshen, a kai shi gida. Mai riƙe da reshe ba ya waiwaye, ba ya magana da mai rai har ya isa. Da mamacin kaɗai yake magana, yana gaya masa ga mota za mu hau, ga kogi za mu ƙetare, kada ya ɓace a hanya.
Ta ce uwarta na kwance, kullum tana mafarkinsa tsaye a bakin shinge ya kasa shiga, wai ba za ta bar duniya ba sai ya dawo. Na ce ga wuƙa, yanki wanda kike so.
"Baba, ai bai san muryata ba. Kiran wa zai amsa?"
Na ce ni ba na zuwa ko'ina.

Juma'a, 15 ga Maris
Na raka ta bakin ramin, nuni kawai. An toshe shi da siminti, awaki na kiwo a kai. Ta durƙusa ta kira shi da kirarin Hlophe, tsaf, ba ta yi kuskure ba, an koya mata. Shiru. Ni kuwa bakina ya suɓuce na ce, "Kai Mai Kunnen Tulu, tashi, 'yarka ce." Sunan da muke tsokanarsa da shi ke nan. Sai ciyawar bakin ramin ta motsa. Iska ce ta kaɗa ta, na sani. Amma yarinyar ta zuba mini ido, haushi ya kama ni.
A hanya ta ce ni in riƙe reshen, ita ta yi magana da direba da ma'aikatan kan iyaka a madadina. Na ce mata ubanta ma haka yake, naci kamar ƙuda.

Asabar, 16 ga Maris
Ko wa zai sayi gidan nan? In ya sare magaryar fa? Mamatan baya da ba a zo ɗauka ba suna da yawa, ni kaɗai na san ramin kowa.

Laraba, 20 ga Maris
Make Tsabedze ta ji labari. Ta ce in kawo fasfona ta gani. Na kwance shi daga leda. Ta riƙe shi da yatsu biyu kamar mushen ɓera.
"Kaka, wannan ya girme ni a aiki! Sunan ƙasar ma ya canza. Kai da ka ƙare rayuwarka kana korar mutane a ƙofa don sun zo ba hoto?"
Na ce mai zaune a gida ba ya buƙatar takardar komawa gida. Ta daina dariya. Ta ce ran Juma'a ta sama za ta sauke tuta ta naɗe, hatimi ya shiga kwali. Daga ranar nan fili ne kawai na masu ƙasa. In ina son takardar tafiya ta gaggawa, hannunta na nan har ranar. Bayan haka sai Jo'burg, inda ba wanda zai ce mini Kaka, layi zan bi.
Na ce ban roƙa ba. Ta ce ita ma ba ta ce na roƙa ba.

Lahadi, 24 ga Maris
Lomasontfo na kwana wurin wata 'yar cocinsu, ta ƙi tafiya. An bugo mata, uwar ta daina cin abinci.

Talata, 26 ga Maris
Na zauna gindin magarya ina gwada hanyar a raina, don in ga ko ina tunawa kawai. Ermelo, sai Oshoek bakin iyaka, sai gangaren Mbabane. Duk na faɗa wa Sikelela ba gargada. Da na zo Lusutfu sai na tsaya. An ce sabuwar gada ce, ban san yadda take ba. Mutum ba zai ce wa mamaci mu ƙetare ba alhali shi kansa bai ga gadar ba. Ko da yake in an isa ai za a gani.
Ba komawa zan yi ba. Rakiya ce, in ajiye shi a ƙofar garken shanunsu in juyo. Na zaɓi reshe, na ɗaura masa tsumma don kada in manta wanne ne.
Gobe da safe zan aske gemu, in sa kwat ɗina, in je wurin mai hoto tun kafin ya buɗe. Guda biyu Make Tsabedze ta ce, kunnuwa a waje.