Baikon Ƙarya a Kasuwar Bibémi

Garoua, 3 ga Yuni

Adda Hajjo,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara da injin man gyaɗarki.

Akwai kart memuwar, ɗan katin ajiyar sauti, a cikin ambulan nan, ki sa a wayarki. Littafi ne da wata mata ke karantawa da baki, tunda kin ce idonki ba ya son ƙananan rubutu. Labarin wata budurwa ce da ta yi baikon ƙarya da maƙwabcinta don manema su ƙyale ta. Shekara huɗu ke nan da rasuwar Malam mijinki, ba ki da zance sai gyaɗa da lekol, makarantar yara. Ki ɗan ji wani abu dabam. Amma ki sa abin kunne, na dai gaya miki.

Ƙanwarki,
Rukayya

Bibémi, 11 ga Yuni

Rukayya,

Wa alaikumus salam. Direba Eugène ya kawo saƙonki. Muna lafiya, ruwa ya sauka, ana ta shuka.

Ke dai ba ki da kunya. Wannan kike saurare a farmasi kina miƙa wa mutane magani? Babi shida na farko ba laifi. A na bakwai, da ruwan sama ya tsare su a mota su biyu, sai da na kashe wayar na nemi wuri na zauna. Ita mai karatun ba ta da iyaye ne? Har numfashi take ja. Yarinyar kuwa wawuya ce. Mutum ya san har yadda take son shayinta, tana ta cewa wai wasa ne.

Ki ji abin da kika jawo mini ranar kasuwa. Ina tsaye gaban teburin Bobbo mahauci yana yanka mini nama, sai gyalena ya fizge abin kunnen. Muryar matar ta fito da ƙarfi, daidai inda saurayin ke cewa ƙamshin wuyanta ya hana shi barci. Duk layin mahauta aka juyo ana kallona. Na rasa inda ake kashewa. Bobbo ya ajiye wuƙa ya ce, "Bar shi mana, Hajjo, mu ji ko ya samu barcin."

Na bar naman a nan na tafi. Da la'asar ya kawo mini har gida.

Katin ya tsaya a babi na sha huɗu. Ba wai ya dame ni ba, amma ki aiko sauran.

Addarki,
Hajjo

Garoua, 15 ga Yuni

Adda,

Gaisuwa mai yawa. Na yi dariya har sai da Clarisse, abokiyar aikina, ta kawo mini ruwa. Sauran bai fito ba tukuna, mu ma jira muke. Wane Bobbo? Dogon nan da matarsa ta rasu bara waccan? Ina kuma labarin Alhaji Muhaimin mai shagon taki, har yanzu yana nemanki?

Ki gaida yara.
Rukayya

Bibémi, 20 ga Yuli

Rukayya,

Bayan gaisuwa, ki yafe mini shirun. Eh, shi ne dogon.

Ranar da ya kawo naman ya tambaye ni labarin. Na ba shi, ban da babi na bakwai. Yana tsaye 'yan aiken Alhaji suka iso, karo na uku, da sharaɗinsa na kullum: in sayar da injin in zauna a ɗaka. Bobbo ya ga fuskata, ya ce a hankali, "In kina so, ki ce ni ne zan aure ki."

Na kuwa faɗa. Kafin magariba duk Bibémi ta ji. Alhaji bai sake aiko kowa ba.

Sai dai Bobbo ya ɗauki wasan da zafi. Ya canja mini belin injin. Da zazzaɓi ya kama Amatullah, ƙaramata, shi ya kai mu asibiti a kan babur ɗinsa cikin taɓo, ya zauna a benci har aka sallame mu. Kowace Juma'a sai ya aiko hanta, wai don mutane su gaskata. Wa ke leƙa tukunyata?

Zan gaya masa ya isa haka, kada in ɓata masa suna a banza. Mako biyu ke nan ina cewa gobe.

Ki sa ni a addu'a.
Hajjo

Bibémi, 27 ga Yuli

Rukayya,

Salam. Jiya na same shi yana wanke tebur, na ce Alhaji ya haƙura, wasa ya ƙare, na gode. Ya ce, "To."

Na tsaya. Na ce, ina kallon ƙasa, "Da mutum da gaske yake, ai da Guider zai je wurin Kawu Mahamman."

Ya goge hannunsa ya ce, "Na je tun Laraba. Ya ce amsar tana wurinki."

Ki nemi hutu bayan girbi. Kuma ki daina dariyar nan, daga nan ina jin ki.

Addarki,
Hajjo